Ɗinkin Lifidi da Gyaran Bakinsa a Ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma

Ɗinkin cushe, wato a haɗa ƙyalle biyu a zuba auduga a tsakaninsu sannan a bi su da zare har su zama jiki ɗaya, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Katsina, amma a warwatse take a hannuwa da yawa, domin maɗinkan lifidi sun yi ta, masu kayan doki da badukai sun yi ta, daga baya kuma masu katifa da teloli da matan da ke ɗinka kayan ɗakin amare suka gaje ta ba tare da yawancinsu sun san gadon wa suka ci ba. Duk abin da aka ɗinka ta wannan hanya yana da fuska, wato ƙyallen da ido ke gani, yana da ciki, wato audugar da aka cusa, yana kuma da shafi, wanda shi ne ƙyallen baya da ke taɓa jikin mutum ko na doki. Tsakanin shimfiɗa waɗannan sassa da gama aikin akwai matakai biyu da mai saye bai cika tambaya a kansu ba, alhali kuwa su ke nuna ko abin zai yi ƙarko ko ba zai yi ba. Na farko shi ne ɗinkin riƙo, wato ɗinki mai faɗin taki da ake yi na wucin gadi don sassan su tsaya inda aka ajiye su kafin a yi ɗinkin gaskiya, a kuma zare shi idan an gama. Na biyu shi ne gyaran baki, wato rufe gefen abin don kada ciki ya zubo, kada kuma ƙyallen ya tsefe. Wanda ya san aikin, idan aka miƙa masa lifidi ko zanen gado, ba ya daɗewa a kan adon fuska. Juya shi yake yi, ya bi bakin da ɗan yatsa, ya matsa tsakiya ya ji ko audugar ta dunƙule wuri guda. Abin da ya sami waɗannan matakai biyu a tsawon zamani shi ne ainihin tarihin sana'ar.

Kurfi da Dutsin-Ma suna kan hanyar da ta fito daga birnin Katsina ta nufi kudu, yamma da su kuma akwai ƙasar Ruma da dajin Rugu, inda tun dā maharan da ke neman garuruwan tsakiyar Katsina suke samun mafaka. Hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina, na Dutsin-Ma kuwa 'Yandakan Katsina, wanda yake cikin masu zaɓen sarki, kuma gidajen sarauta irin waɗannan, da suke riƙe da dawaki da barori da wajibin kai mahaya duk lokacin da sarki ya kira, su ne suka daɗe suna ciyar da ɗinkin cushe mafi wuya, wato lifidi, rigar kariya ta auduga da ake sa wa doki da mahayinsa.

Rubutaccen tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Kano da Katsina sun yi ta karawa tun daga zamanin Muhammadu Rumfa har tsakiyar ƙarni na 17, kuma abokan gaba da suka daɗe suna haɗuwa a fagen fama ba sa barin wani makami ya zama na ɓangare ɗaya. Lifidi dai bai tsaya ga Hausawa ba: an san shi a Borno da Bagirmi da Darfur har zuwa gaɓar kogin Nilu, kuma har yau mahayan Zarmaƙoyin Dosso a Nijar da na lamiɗai a arewacin Kamaru suna fitowa da shi a ranakun biki. Dalilin yaɗuwarsa a fili yake, domin a yankin da babban makamin dakaru shi ne kibiya mai dafi, wadda ƙwarzane kaɗan ya ishe ta kisa, abin da doki ke buƙata shi ne wani abu mai kauri da zai shanye ƙarfin kibiyar ya riƙe tsininta kafin ta kai fata, kuma auduga matsattsiya tana yin wannan aiki da kuɗin da bai kai na sulke ba, wanda yawancinsa daga ƙetaren hamada ake kawo shi.

Jihadin da ya kai Ummarun Dallaje ga sarautar Katsina a 1807 ƙara wannan buƙata ya yi. Gaskiya ne a Tabkin Kwatto, a 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu sun rinjayi dawakin Gobir, amma da jagororin jihadi suka zama masu riƙon birane sai suka koma ga irin rundunar da suka tarar. Zuriyar sarakunan Katsina na dā da suka kafa Maraɗi ba su daina kai hari ba ko bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma a tsakiyar ƙarnin, zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, garuruwan yamma da tsakiyar Katsina sun zauna cikin shirin yaƙi kusan kullum. Heinrich Barth, wanda ya bi ta Kuraye da Kurfi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya bayyana Kurfi a matsayin gari mai ƙarfin ganuwa da ramukan tsaro. Lifidi a wannan zamani kayan fada ne, sarki ko hakimi ke mallakarsa ya ba barorinsa su sa, shi ya sa 'yan lifida suka zama rukuni mai shugabansa, kuma sunan unguwar Tudun 'Yan Lihidda a birnin Katsina yana tuna wa mutane da su har yanzu. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato, ya ambaci sassan da mahayi ke sawa, irin su bantan lifidi da ke kare ƙugu da cinyoyi, da safa da kumakumi da ke kare gangar jiki. Hugh Clapperton kuma, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a bakin ganuwar Konya, garin Gobirawa, a 1826, ya lura cewa nauyin kayan ya kai sai an taimaki mahayi kafin ya iya hawa.

Wannan nauyi shi ne matsalar da maɗinki ke fama da ita tun daga zaɓen abin da zai cusa. Audugar rimi ba ta da nauyi, ba ta kuma shan ruwa da sauri, amma silbi gare ta, zarenta gajere ne mai santsi wanda ba ya kama ɗan'uwansa, shi ya sa ba a kaɗa ta a mazari, ba ta kuma kwanciya falle guda. Ga ta da saurin kama wuta, abin da ya sa kibiyar wuta ta zama abin tsoron ɗan lifida. Audugar gona kuwa, idan mata suka gurje ta suka fitar da gurya, suka kuma shiɓe ta da masaɓi har ta buɗe, tana riƙe kanta ta kwanta shimfiɗe, sai dai idan ta jiƙe da ruwan sama ko gumin doki takan yi nauyin da ke gajiyar da dabba. Daga wannan bambanci hanyoyin aiki biyu suka fito. Mai amfani da rimi yakan fara ɗinka fuska da shafi layi-layi ya bar gurabe dogaye a tsakani, sannan ya tura audugar da ɗan sanda gurbi bayan gurbi yana dannawa, yana rufe kowane yanki kafin ya wuce don kada ta gudu. Mai amfani da audugar gona kuwa shimfiɗa ta yake yi gaba ɗaya tsakanin ƙyallen biyu, ya huda sassan uku da allura lokaci ɗaya. Ya kamata a faɗa a nan cewa gurza da shiɓa aikin mata ne a cikin gida, kuma ko da yake sunan sana'ar na maza ne, babu lifidin da ya taɓa yin daidai idan shiɓar ba ta yi kyau ba.

A hanya ta biyu ne ɗinkin riƙo yake zama wajibi. Ana zaɓar wuri shimfiɗaɗɗe a zaure ko a wata inuwa da iska ba ta ratsawa, a baza tabarma, a shimfiɗa shafi a kanta fuskarsa tana kallon ƙasa, a ja kusurwoyinsa a danne su da wani abu mai nauyi. Sai a jera shiɓaɓɓiyar auduga falle-falle, kowane falle ya ɗan hau bakin na kusa da shi, maɗinki yana bi da tafin hannu yana lalube inda ta yi tudu da inda ta yi rami, yana tsinka daga nan yana ƙarawa can, domin ido ba ya ganin bambancin da hannu ke ji. Idan ta daidaita sai a rufa fuska a kai. Daga nan ya ɗauki doguwar allura da zaren da launinsa ya saɓa wa na ƙyallen, don a gane shi lokacin zarewa, ya fara daga tsakiya ya nufi gefe da taki mai faɗin yatsu biyu ko uku, ba ya jan zaren da ƙarfi, ba ya kuma ƙulla shi ƙulli mai wuyar kwancewa. Yakan koma tsakiya ya nufi ɗaya gefen, sannan ya gitta layukan, tsaye da kwance, tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu. Hikimar farawa daga tsakiya ita ce duk wata rarar ƙyalle a kore ta zuwa baki inda almakashi zai ɗauke ta. Wanda ya fara daga gefe ya kulle rarar a ciki ke nan, za ta taru ta zama tattara a tsakiya, kuma babu maganinta sai warwara. A wurin koyo wannan aiki ake fara ba yaro, tun da yake kuskure a cikinsa yana gyaruwa, amma maigidan kirki ba ya barin a soma ɗinkin gaskiya sai ya ɗaga abin ya girgiza shi ya ga audugar ba ta motsa ba.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa a kayan da ke ƙarƙashin sirdi da samansa, irin su zubka, wadda ake shimfiɗawa a bayan doki kafin a ɗora sirdi, da ɗauki-saka, wato cusasshen murfin da ake ɗorawa a kan sirdin. Ɗan dunƙulen auduga da bai kai goro ba, idan ya zauna ƙarƙashin nauyin mahayi a tafiyar yini guda, ya isa ya buɗe wa doki miki a gadon baya, kuma dokin da ya yi miki sai ya yi makonni ba a hau shi ba. Masu kula da dawaki sun san maɗinkin da kayansa ke ji wa dabba ciwo, suna kuma gaya wa juna.

Gyaran baki yana zuwa ne a ƙarshe, kuma akwai dalilin da ya sa ba a gaggauta shi. Ɗinkin cushe yana cin ƙyalle, wato yadda layukan ɗinki suka ƙara yawa da matsi haka abin ke ƙara tsukewa, don haka ana yanka fuska da shafi da rara tun farko, ba a kuma daidaita gefen da almakashi sai an gama ɗinkin ciki an zare zaren riƙo. Sannan maɗinki ya tsinke audugar da ke dab da gefe ya rage kaurinta kamar faɗin yatsa guda, ya bi wurin da layin ɗinki matsattse wanda zai tsare ciki, kafin ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai ya yi kalmasa, wato ya lanƙwaso rarar fuska zuwa baya ya ninke ta ya ɗinke, ko kuma ya yi dajiya, wato ya kawo wani dogon ƙyalle siriri dabam ya rungume bakin da shi gaba da baya. Kalmasa ta fi sauri ta kuma fi arha, amma ga kayan da za su sha wuya dajiya ta fi, saboda idan ta cinye ana iya farke ta a sa sabuwa ba tare da an taɓa jikin abin ba. Bakin lifidi na ƙasa shi ke haɗuwa da ƙaya da raɓa da laka, na sama kuma yana shan gumi da gugar sirdi da likkafa, wuraren da ake ɗaura igiya kuwa duk nauyin a kansu yake rataye, shi ya sa a nan aikin yakan bar hannun maɗinki ya koma na baduku, wanda ke ƙarfafa su da jar fatar akuya da basilla. Kusurwa ita ce inda ake gane gwani, domin dole ne a ninke dajiyar ta juya ba tare da ta yi ƙullutu ba, ba kuma tare da an yanke ta ba, kuma yawancin kayan da suka lalace daga kusurwa ɓarnar take farawa.

Saƙar hannu ta maza ta dace da wannan aiki ƙwarai, kuma ba a cika lura da hakan ba. Masaƙar gargajiya dogon ƙyalle siriri take fitarwa wanda gefensa biyu a rufe suke tun daga saƙa, don haka idan aka yi dajiya da shi ba sai an ninke bakinsa ba, ba ya tsefewa, ba ya kuma yin kauri. Ado ma daga baki yake shiga: jan mulufi, wato ƙyallen ulu da fatake ke kawowa, da tuntaye da geza, da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku da ake jerawa launi-launi. Wannan sanin darajar baki shi ne dai ake gani a babbar riga ta manya, inda ake yi wa bakinta shafi daga ciki da ƙyalle mai launi, a dā har da alharini, wanda yake ba rigar nauyin da take zubowa da kyau, yake kuma bayyana idan an naɗe hannunta bisa kafaɗa.

A 1903 Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, Katsina kuma ta karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba, kuma ko kafin nan yawaitar bindiga ta riga ta fara rage amfanin auduga a matsayin kariya. Da sana'ar a kan yaƙi kaɗai ta dogara da a nan ta ƙare. Abin da ya riƙe ta shi ne hawa: hawan sallah da hawan bariki, inda hakimai, har da na Kurfi da na Dutsin-Ma, ke shiga birni da mahayansu su yi wa sarki jinjina, da kuma manyan tarukan dawaki da aka shirya a Kano a 1925 don Yariman Wales, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da kuma a 1977 lokacin bikin FESTAC. Sarakunan Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, an san su da son dawaki, kuma fadar da ke son doki tana raya duk sana'ar da ke bin doki. Amma lifidin hawa ba lifidin yaƙi ba ne. Tun da babu kibiyar da zai tare, sai aka rage masa ciki don doki ya sake, layukan ɗinki suka yi nisa da juna, fuska ta ƙara haske da launuka, baki kuma ya koma wurin nuna gwanintar ado. Kuskure ne a raina wannan sauyi a ce na bogi ne, domin shi ya sa har yanzu akwai mutanen da suka san yadda ake auna ƙirjin doki a yanka masa riga; sai dai gaskiya ne cewa sanin yadda ake matse ciki har ya tare ƙarfe ya tafi tare da waɗanda suka buƙace shi.

Kayan aikin ma sun sauya a ƙarni na 20. Kamfanin Turawa na bunƙasa noman auduga, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya yaɗa irin audugar Amurka a arewa, ya kuma kafa injinan gurza a wurare irin su Funtuwa da Malumfashi, layin dogo ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kuma auduga mai yawa da dā take tsayawa a hannun mata masu gurza da shiɓa ta fara bin hanyar kanti. Akoko da alawayyo da sauran yadudduka masu faɗi suka cika kasuwa, na waje da farko, sannan na masaƙun cikin gida bayan buɗe ta Kaduna a 1957. Yadi mai faɗi ya sauƙaƙa fuska da shafi, tun da ba sai an harhaɗa sirara da yawa ba, amma ya kawo sabon aiki a baki, domin duk inda almakashi ya bi sai ya tsefe, dole a ninke. Ya kuma kawo wata dabara da saƙar hannu ba ta bayarwa, wato yanka ƙyallen dajiya a karkace, ba bisa tsawon zare ba, wanda ke sa shi ya ɗan miƙe ya bi lanƙwasa ba tare da tattara ba. Shi ne teloli ke kira bayas, yanzu ma a naɗe ake sayar da shi. Keken ɗinki, Singer da farko, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin, ya rage aikin kwanaki zuwa na sa'o'i, amma yana da hali guda da ke ƙara wa riƙo muhimmanci: haƙoransa na ƙasa suna jan shafi, ƙafarsa ta sama tana ɗan tura fuska, don haka sassan da ba a riƙe su da kyau ba sukan isa ƙarshen layi ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Telan da ke gaggawa yakan maye gurbin riƙo da fil 'yan kaɗan, kuma sakamakon hakan shi ne murɗaɗɗen bakin da ake yawan gani a kayan kasuwa.

Mafi yawan masu wannan sana'a a garuruwa irin su Kurfi da Dutsin-Ma a tsakiyar ƙarnin ba su taɓa ɗinka lifidi ba; katifa da matashin kai suke yi, da audugar rimi ko ta gona, suna ɗaure katifar da zare mai kauri daga fuska zuwa baya wuri-wuri don kada cikin ya gudu, suna kuma zaga gefenta da ɗinki don ta tsaya da kusurwa. Katifa irin wannan ana buɗe ta idan ta kwanta, a shanya audugar a buge ta a mayar. Katifar soso, wadda ta yaɗu bayan kafa kamfanoni irin su Vitafoam a 1962, ta janye wannan kasuwa sannu a hankali, har ta kai ba a jeren amarya sai da ita. Soso siriri kuma ya shiga cikin ɗinkin cushe kansa, tare da faiba, wato audugar roba, kuma su ne yanzu cikin yawancin zannuwan gado masu kauri da shimfiɗun jarirai da rigunan kujera da murfin kujerar babur, har da wasu kayan doki. Soso ba ya gudu kamar auduga, shi ya sa ake ganin kamar ya kawar da buƙatar riƙo, amma zafi da gumi suna ruɓar da shi ya zama gari, kuma ba a iya buɗe shi a farfaɗo da shi yadda ake yi wa auduga.

A wannan zango ne mata suka fito daga bayan sana'ar zuwa gabanta. Ɗinkin zanen gado da rigunan filo da kayan goyo ya zama abin da mata da yawa ke yi a cikin gida da keke guda, suna sayo yadi daga Kantin Kwari a Kano ko kasuwar Katsina, suna sayarwa ta hanyar dillalai da 'yan'uwa, yanzu kuma har ta WhatsApp. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 sun ƙara yawan masu buƙatar shimfiɗa a garin. Abokan gasarsu su ne barguna da zannuwan gwanjo da na masana'antun Sin, waɗanda da yawa suka riƙa shigowa ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya, kuma a farashi ba a iya ja da su. Inda ɗinkin gida ke iya rinjaye shi ne baki, domin kayan masana'anta masu arha layi ɗaya ake yi musu a gefe, su farke bayan wanki kaɗan, alhali mace mai haƙuri tana iya yin dajiya mai ninki biyu wadda za ta daɗe fiye da fuskar kanta. Abin takaici shi ne masu saye sun fi biyan kuɗi a kan leshi da tattarar ado da ake zagaya gefe da su, waɗanda sau da yawa rufe bakin da ba a gama ba suke yi.

Masana sun yi wa ɗinkin Hausa hidima, musamman David Heathcote, wanda ya yi nazarin adon tufafin Hausawa a Zariya a shekarun 1970, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma hankalin nazari da na masu ɗaukar hoto ya fi karkata ga zane da launi, aikin da ke ɓoye a ciki kuma ba ya fitowa a hoto. Zaren riƙo ma, bisa ƙa'idarsa, ba ya barin alama. Ga shi kuma annobar korona ta 2020 da matsalar tsaro sun sa an dakatar da hawan sallah a Katsina a wasu shekaru, kuma Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layukan waya a 2021 saboda hare-haren 'yan bindiga. Shekarar da ba a yi hawa ba, ba a kawo gyara, lifidi kuma yana naɗe a ɗaki inda gara da ɓera da laima ke samunsa.

Gyaran tsohon lifidi shi ne kusan kaɗai lokacin da ake ganin yadda magabata suka yi aikinsu. Idan aka farke dajiya, ana ganin ko rimi aka cusa ko audugar gona, ko shafin saƙar hannu ne ko akoko, ko an taɓa sake bakin sau ɗaya ko sau da yawa, domin kowace tsohuwar dajiya tana barin layin hudar allura a ƙarƙashin sabuwa, kuma daga nisan layukan ɗinki da matsinsu ana iya bambanta wanda aka yi don kariya da wanda aka yi don hawa. A halin da ake ciki mai gyara yakan zubar da tsohon ciki ya sa soso, ya rufe bakin da bayas a keke, saboda abin da aka biya shi ke nan kuma sallah ta matso. Gidajen sarauta da ke da irin waɗannan kaya, da sassan tarihi da fasaha na makarantun da ke kusa da su, suna da ikon sa a auna kowane ɗaya, a ɗauki hoton cikinsa da bakinsa, a ajiye guntun audugarsa da zarensa kafin a rufe, a kuma zaunar da tsofaffin maɗinka da badukan da suka rage su yi aikin da hannu a gaban masu koyo tun daga shimfiɗar shafi har zuwa juya kusurwa.